Sabon zuwa Houston, ka riƙe sunan guguwa

Ɗan'uwa, idan Allah ya sauke ka a Houston ta jihar Texas a Amurka, za ka ji maƙwabta suna cewa "lokacin Harvey", kamar yadda tsofaffinmu ke lissafin shekaru da wata yunwa ko wani fari. Harvey mahaukaciyar guguwa ce ta watan Agustan 2017, kuma sunanta zai yi maka amfani tun ranar neman gidan haya.

Daminar guguwa a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba. Da zarar iska ta kai gudun mil 39 a awa, cibiyar lura da guguwa da ke Miami sai ta raɗa mata suna. Idan ta kai mil 74, ta zama mahaukaciya. Sunayen a shirye suke tun da wuri: Hukumar Yanayi ta Duniya tana da jeri shida, kowanne da suna 21, na mace na bin na namiji, ana maimaita jeri bayan shekara shida. Wadda ta yi mummunar ɓarna ana cire sunanta har abada. Haka aka yi wa Katrina ta 2005, da Harvey, da Beryl ta 2024. Da yawansu, har da Harvey, daga hadarin da ya ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa teku suke somawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda baƙi ke dogara da matakin da ake ba kowace mahaukaciyar guguwa. Daga 1 zuwa 5 ɗin nan ƙarfin iska kaɗai yake aunawa. Harvey ta riga ta yi sanyi lokacin da ta tsaya tana zuba ruwa kwana da kwanaki har manyan tituna suka koma koguna. Beryl a mataki na 1 ta shigo Texas, amma gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka kwana a duhu cikin zafin Yuli.

Don haka kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi mai gida kai tsaye: ruwa ya shiga nan lokacin Harvey? Ka tambayi maƙwabci ma. Inshorar 'yan haya galibi ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ita daban ake saye, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 take fara aiki. Fasfo da takardun zama ka ƙulle su a leda, ka ɗora saman kabad, tocila da batir a kusa. Ranar da ka ji an raɗa suna, ka cika tankin mota tun layi bai yi tsawo ba.