Idan ƙofar ƙaramin jirgi ta buɗe a sama: kurakuran da aka fi yi

Mu mutanen Nima da Mamobi mun saba da ƙarar manyan jiragen da ke tashi daga filin jirgin Accra, amma 'yan'uwanmu da ke koyon tuƙi, ko masu hayar ƙaramin jirgi zuwa Kumasi, Cessna 172 ko Piper Cherokee suke shiga, masu kujera huɗu. A irin waɗannan, buɗewar ƙofa ba baƙon abu ba ne. Kuma ƙofar da kanta da wuya ta kayar da jirgi. Abin da matuƙi ya yi a daƙiƙun farko shi ke jawo hatsari.

Yawanci abin yana faruwa ne daidai lokacin da hancin jirgi ya ɗaga daga titin tashi. Iskar da ke gudu a jikin jirgin tana tsotsar ƙofar waje, idan sakata ba ta kama sosai ba sai ka ji bam! Ƙara ta cika ɗakin, taswira da takardu su tashi, hular Alhajin da ke gefe ta bi iska. To amma duba ƙofar da kyau: ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba. Maƙalanta suna ta gaba, don haka iskar da ta buɗe ta ita ce kuma ke hana ta wangalewa. Waɗannan jirage ba a matse iskar cikinsu kamar manya, babu abin da zai zuƙe mutum waje.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne miƙa hannu a ja ƙofa nan take. Hannu ɗaya na kan sitiyari, jiki ya karkata, ido ya bar gaba. Ba tare da matuƙi ya sani ba sai ya ja sitiyarin, hanci ya ɗaga, gudu ya ragu, fikafikai su daina ɗaukar jirgin, ga ƙasa kusa. Yaron trotro yana iya riƙe ƙofa mota na tafiya domin akwai direba a gaba. A nan kai ne direban, babu mai riƙe maka. A Cherokee ma ƙofa ɗaya ce, tana ɓangaren dama, nesa da kujerar matuƙi, har wasu kan kwance bel don su kai gare ta. Kada a kwance bel ko da wasa. Gyaran kawai shi ne ka ci gaba da tuƙi: riƙe gudun hawa, ido a gaba, fikafikai a daidai.

Mai bi masa shi ne gaggawar komawa. Matuƙi ya firgita, ya karya kwana mai tsanani yana ƙasa-ƙasa don ya koma titin da ya baro, ko ya rage wutar inji wai don ƙarar ta lafa. Duka biyun kan kai ga faɗuwa. Injinka lafiya lau yake, me ake wa sauri? Hau zuwa tsayin da jirage ke zagaya filin jirgi kafin su sauka, wanda galibi ƙafa 1,000 ne sama da ƙasa, ka gaya wa hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage cewa ƙofa ta buɗe kana son dawowa, ka zagayo yadda ka saba, ka sauka. Jirgin zai ɗan yi nauyin hawa, shi ke nan. Idan kuwa tun tayoyi na ƙasa ta buɗe, kuma akwai sauran titi isasshe, janye wuta ka tsaya. Titin Accra ya haura kilomita 3, ya ishi ƙaramin jirgi har da saura.

Ana iya rufe ta a sama? Wani lokaci, bayan an hau sosai, kuma bisa abin da littafin jirgin ya ce. Littafin wasu nau'o'in Cessna 172 ya ce a daidaita jirgin a gudun kusan kilomita 140 a awa, a ɗan tura ƙofar waje, sannan a fizgo ta da ƙarfi a kulle. Na Cherokee ya ce a rage gudu, a rufe kafofin iska, a buɗe 'yar tagar da ke gefen matuƙi. Ni dai a ganina, in fili na kusa, sauka ka rufe a ƙasa ya fi sauƙi.

Sauran kurakuran tun kafin tashi ake yin su. Ana barin fasinja ya rufe ƙofa saboda kunya, wai kada a tsallaka babban mutum. Ka ce, "Alhaji, a gafarce ni," ka miƙa hannu ka rufe ta da kanka. Ƙofar Cherokee sakata biyu gare ta, ta gefe da ta sama, kuma ta saman ake mantawa, musamman a zafin Accra da ake barin ƙofa a buɗe ana shan iska har bakin titi. Duba kuma kada wutsiyar bel ko gefen babbar riga ya maƙale a waje. Bel da ke dukan jikin jirgi yana ƙara kamar inji ya lalace. Sannan ka faɗa wa fasinja tun kuna ƙasa: "Idan ƙofa ta buɗe za ka ji ƙara mai yawa. Kada ka taɓa sitiyari, kada ka kwance bel, za mu zagayo mu sauka."