Yadda Ake Yin Labarin Zane A Intanet Da Yadda Ake Karɓar Martanin Masu Karatu

A 'yan shekarun nan na ga matasa da dama a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra sun fara sakin labarin zane a intanet, kuma da yawansu hannunsu ya fi nawa faɗawa a lokacin da na fara. Sai dai kafin a kai fitowa ta goma sai ka ji shiru, shafin ya tsaya cak. Rashin iya zane ba shi ne yake kashe waɗannan labarai ba, don haka ba zan ɓata lokaci a kan yadda ake zana fuska ko yatsu ba. Abin da yake kashe su yana faruwa ne bayan an saki aikin, lokacin da mutane suka fara magana.

Mataki na farko shi ne ka san ƙarshen labarinka kafin ka zana komai. Ka samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka rubuta abin da zai faru a fitowa goma sha biyu, kowacce a layi biyu ko uku, ka fara da ta ƙarshe. Sannan kada ka saki ko ɗaya sai ka kammala shida suna ajiye. Wannan doka ce a wurina. Za a ɗauke wuta, waya za ta lalace, azumi zai zo, za a yi biki ko rasuwa a gidanku, kuma wanda ba shi da ajiya ranar da ya tsallake mako ɗaya ya fara tsallake na biyu ke nan.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon bayani. A waya akwai ibisPaint X da MediBang Paint, a kwamfuta kuma akwai Krita, wadda kyauta ce gaba ɗaya. Wanda ya fi sabawa da takarda ya zana da baƙin biro, ya ɗauki hoto da rana a inuwa, ya gyara hasken a waya. Kada ka kwashi kuɗinka ka tafi kasuwar wayoyi ta Circle neman allon zane na kwamfuta tun ba ka gama fitowa shidan nan ba, domin na san waɗanda suka saya yana nan a cikin kwalinsa. Abin da ya kamata ka yanke tun farko shi ne inda za ka riƙa sakawa, saboda shi ne zai nuna maka girman shafi. Webtoon, dandalin labaran zane wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya fara a 2004, yana karɓar hoto mai faɗin fiksel 800, kuma ana karanta shi ne daga sama zuwa ƙasa. Instagram ya fi dacewa da 1080 a faɗi da 1350 a tsawo. Mutanenmu kuwa a Facebook da WhatsApp suke, kuma WhatsApp yana matse hoto har ƙananan rubutu su dushe. Ka zana a ninkin girman da ake buƙata sannan ka rage, kuma ka tuna cewa mai karatunka data yake saye, kada ka ɗora masa hoto mai nauyi.

Sai rubutun cikin zane, inda masu yi da Hausa suke da matsalar da masu yi da Turanci ba su sani ba. Yawancin salon haruffan da ake samu a manhajojin zane ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga ɗan akwati babu komai a wurin harafin, ko kuma mai zanen ya haƙura ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Andika na ƙungiyar SIL da Noto Sans na Google duk suna da haruffanmu, kuma ba a biyan ko sisi. Ka fara sa magana a cikin akwati kafin ka zana mutane, domin jimlar Hausa tana cin wuri, kuma idan ka bar ta a ƙarshe za ka rufe fuskar da ka sha wahalar zanawa. Idan ka gama, ka tura wa kanka, ka karanta a ƙaramar waya kamar kana zaune a trotro, motar haya.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Labarina na farko a kan wata yarinya ne da take taya gwaggonta sayar da waakye, wato shinkafa da wake, tana tara kuɗin komawa makaranta. A fitowa ta huɗu na sako wani tela don kawai ya kawo saƙo ya wuce, sai masu karatu suka so shi, suka yi ta cewa a dawo da shi, a haɗa su aure. Ba ni da ajiya, ƙarshen labarin ma ban rubuta shi ba, don haka na bi su. Da na kai fitowa ta tara maganar makaranta ta ɓace, waɗanda suka nemi auren sun koma neman kishiya, ni kuma na rasa hanyar komawa, na ajiye aikin wata da watanni.

Abin da nake yi yanzu shi ne, ranar da na saki fitowa ba na amsa wa kowa. Washegari nake zama da littafina in raba maganganun gida biyu. Akwai mai gaya maka abin da ya same shi yana karatu: bai gane wa yake magana a akwati na uku ba, ko ya ɗauka uwa da 'ya mutum ɗaya ne saboda ɗankwalinsu iri ɗaya. Wannan kyauta ya ba ka, kuma idan mutum uku da ba su san juna ba suka ruɗe a wuri ɗaya, laifin zanenka ne, ka gyara. Akwai kuma mai gaya maka abin da yake so ya faru. Shi ka gode masa da zuciya ɗaya, domin ya damu da mutanen da ka ƙirƙira, amma kada ka taɓa tsarin da ka rubuta saboda shi. Masu yawan magana kaɗan ne a cikin masu karatu. Mafi yawa suna karantawa ne su yi shiru su jira mako mai zuwa.

Za ka kuma gamu da masu gyaran harshe. Hausarmu ta Zango ba ta cika bambanta namiji da mace ba, kuma tana ɗauke da kalmomin Twi da na Turanci, don haka duk ranar da wani a labarinka ya ce "Hajiya ya zo", sai mai karatu daga Kano ko Damagaram ya ce ka yi kuskure. Ni abin da na tsayar shi ne, bayanin mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa nake rubuta shi, mutanen cikin labari kuwa su yi magana yadda ake yi a Nima. Ka bayyana haka sau ɗaya cikin ladabi, kada ka shiga gardama. Amma idan a bayaninka ne aka nuna maka kuskure, ka karɓa ka gyara.

Martani mafi nauyi ba a waya yake zuwa ba. Wata rana wata dattijuwa a layinmu ta aiko a kira ni, jikarta ta nuna mata zanen. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, mai waakyen nan mai faɗa, ni ka zana?" Na ce, "Wallahi Hajiya, ba ke ba ce." Ta ce, "To shuɗin kiyos ɗin da katakon da aka ɗora a kan kwata fa, na wa ne?" Gaskiyarta ce, ƙofar gidanta na kalla na zana ban yi tunani ba. Na ba ta haƙuri a durƙushe, na canza launin kiyos ɗin, na cire katakon a duk inda ya fito. A unguwar da kowa ya san kowa, ka haɗa fuska daga mutum uku, wuri daga layi biyu, kuma idan wani ya ji an taɓa shi, ka taka ka same shi a gida. Haka nan duk fitowar da ta taɓa masallaci ko malamai ko aure, ka nuna wa wani babba mai ilimi kafin ka saki. Mai zagi kuwa ba a ba shi amsa, ka goge ka toshe shi.

Sauran abubuwa masu sauƙi ne. Ka zaɓi rana ɗaya a mako ka riƙe ta. Ni Juma'a bayan an sauko nake saki. Ka sa sunanka a cikin zanen, a wurin da ba za a iya yankewa ba, domin za a kwafa a yi ta turawa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare aikinka, amma sai an san naka ne. Ka ajiye ainihin fayilolinka a wuri biyu. Maganar sa lambar MoMo ta karɓar kuɗi a waya ko buga labarin a takarda don kai wa bikin zane-zane na Chale Wote a Accra, ka bari sai fitowa ta goma sha biyu ta fita.