Hutun sanyi na farko a Shamoni: kurakuran da kusan kowa ke tafkawa

Chamonix suke rubutawa, Shamoni ake faɗa. Garin yana gindin dutsen Mont Blanc a Faransa, nan aka yi gasar Olamfik ta sanyi ta farko a 1924, kuma daga filin jirgin Geneva tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ce a mota.

Ni dai da kaya na fara jin jiki. Na jibga wandon jins da rigunan auduga har uku a ƙarƙashin wata ƙatuwar jaket, ina ganin ai na gama da sanyi, ashe auduga in ta sha gumi ko ƙanƙara ta narke a kanta ba ta bushewa, tana manne maka sai ka ji kamar an naɗe ka da jiƙaƙƙen tawul. Abin da ya dace: rigar ciki mai laushi wadda ba auduga ba, ta tsakiya mai ɗumi, ta sama wadda ruwa ba ya ratsawa. Safa guda ɗaya mai kauri ta isa, in ka haɗa biyu takalmin ya matse ka jini ya ƙi gudana, yatsu su ƙara sandarewa. Kar ka ce ai sanyi ne ba ruwanka da tabarau, hasken rana kan farar ƙanƙara yana ƙona ido, fata ma tana ƙonewa ko baƙi ne kai.

Sai zumuɗi. Mutum ya iso yau, gobe da sassafe ya hau motar igiya, wadda ke rataye a waya tana hawa dutse, zuwa ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi, mita 3,842, alhali garin kansa bai wuce mita 1,035 ba, cikin kamar minti 20 an cilla ka sama. Jiri, ciwon kai, haki kamar ka yi tsere. Ka bari sai ka kwana biyu, ka sha ruwa sosai, can sama kuma a hankali ake taka matakala.

Wasan zamiya kan ƙanƙara (ski) kuwa, dan Allah kar ka bari aboki ya ce zo in koya maka. Hanyoyin launi gare su: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, ja, baƙi na gwanaye. Shamoni gangarenta da tsini, ɗan koyo ya nufi filayen koyo na Les Planards ko Le Savoy, ya biya malami ko na awa biyu ne, kar ya sayi tikitin motar igiya da ya haɗa duka duwatsu tunda ba hawa zai yi ba. Inshora dai kar a yi mata rowa, domin in ka karye a kan hanyar zamiya ɗauko ka da za a yi ba kyauta ba ne a Faransa, ana iya ƙara ta wurin sayen tikiti.

Mai hayar mota ya tabbatar akwai tayoyin sanyi ko sarƙar ɗaura wa taya, doka ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Fabrairu hutun makarantu ne, ɗaki tsada layi tsawo, tsakiyar Janairu ya fi sauƙi.

Abinci kuma a tambaya kafin a kai loma! Tartiflette dankali ne da cuku amma da naman alade a ciki, fondue kuma da giya ake narka cukun. Sannan a Disamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, kana can kana fama da takalmi sai ka ga La'asar ta kusa kuɓucewa, ni da alwalata nake fita daga masauki.