Darasi na Bakwai: Ɓawon Lemu Ba Shara Ba Ne

Ku tsaya gaban mai lemu a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ku leƙa ƙarƙashin tirensa. Wuƙa na zagaya lemu, ɓawo na sauka kamar zare, kafin la'asar ya taru tsibi guda, sai bola. Mu kuma mu tsotse ruwan, mu yar da farar fatar. Abin nan yana damuna, domin mai amfani muke zubarwa.

A cikin ɓawon akwai sinadarai da masana ke kira filabonoyid. Wanda ya fi yawa a lemun zaƙi sunansa hesferidin, kuma a farar fatar ciki ya fi taruwa. Daga nan wani Bafaranshe mai suna Lebreton ya fara fitar da shi a 1828. Ɓawon tanjarin na da nasa, nobiletin. Ɗacin garehul kuwa, naringin ke kawo shi.

Kun san yadda tsatsa ke cin kwanon rufi a hankali? Jikinmu ma yana da irin tasa. Numfashi, hayaƙin murhu da na taba suna barin wasu burbushi masu lalata ƙwayoyin jiki. Filabonoyid na kama su kafin su yi ɓarna, yana kuma kwantar da kumburi. Yawancin gwaje-gwajen da suka nuna haka a ɗakin bincike aka yi su, wasu a jikin ɓeraye. Don haka kada kowa ya ajiye maganin asibiti ya koma ɓawo. Mai shan maganin hawan jini kuma ya tambayi likita kafin ya taɓa garehul, yana karo da wasu magungunan.

Hunturu ne lokacin aikin: lemun Binuwai ya cika kasuwa, iska a bushe. Ku wanke lemun sosai kafin fira, saboda ƙura da maganin feshi. Ku ɓare har da farar fatar, ku shanya a faifai cikin inuwa sai ya riƙa karyewa ƙas. Wanda ya yi funfuna, a zubar. A daka, a tankaɗe, a rufe a kwalba. Rabin ƙaramin cokali ya isa kofin shayi ko kunu, da 'yar citta, don yana da ɗan ɗaci.

Ranar darasi mai zuwa, kowa ya zo da busasshen ɓawon lemu biyu. Hajiya mai turmi, a taimaka mana da taɓarya.