In sabar DNS na yawan mutuwa, fara da log

'Yan'uwa, in BIND, manhajar sabar DNS mai fassara sunayen shafukan intanet zuwa adireshin IP, ya mutu, kada ku yi saurin tayar da shi ku tafi. Zai sake faɗuwa. Ku fara buga umarnin journalctl -u named (named shi ne sunan da BIND ke gudana da shi) don ganin log, wato bayanan abin da ya faru, ku karanta layukan da suka zo daf da lokacin da ya tsaya, domin a nan dalilin yake.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne log ya yanke tsit, babu ko ƙorafi ɗaya. To galibi kashe shi aka yi. Ku duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kansa. In kun ga "Out of memory: Killed process" da sunan named a gaba, RAM ce ta ƙare, Linux ya sadaukar da shi. BIND kan bar ma'ajiyarsa ta wucin gadi (cache) ta cinye har kashi 90 cikin 100 na RAM in ba a ƙayyade ba, don haka ku rage max-cache-size, saitin da ke iyakance girman ma'ajiyar, musamman in akwai wasu manhajoji a injin.

"assertion failure" kuwa aibi ne a manhajar kanta. Ku adana layin, ku sabunta ta.

In bayan gyaran fayil ɗin saiti (named.conf) ne BIND ya ƙi tashi, umarnin named-checkconf zai nuna muku lambar layin da kuskuren yake.