Ina ake tantance abin da mutum ya rubuta a fom? Kurakuran da na gaji da gani

Samarinmu na Jidda da Makka da suka fara haɗa wa ejan-ejan na Umra da masu shagunan dabino shafukan intanet suna yawan turo min aikinsu in duba. Kurakuran kusan iri ɗaya ne kullum.

Babbansu shi ne tantancewa a burauza kaɗai, wato manhajar da mai ziyara ke buɗe shafi da ita. Yaro zai rubuta JavaScript mai kyau, akwati ya yi ja idan an bar shi fanko, shi ke nan ya miƙe ƙafa wai ya gama. Burauzar nan fa a hannun mai ziyara take, ba a hannunka ba. Wanda ya danna F12, maɓallin da ke buɗe lambobin shafi, zai iya goge sharaɗin naka, wanda ya fi shi wayo ma ko shafin ba zai buɗe ba, da manhajoji irin su curl ko Postman zai aika wa sabar, wato kwamfutar da shafin ke kanta, abin da ya ga dama.

Wannan ya taɓa cin kuɗina. Aikin sayar da kujerun mota ne daga Makka zuwa Madina, na ba wani ƙanena ɓangaren biyan kuɗi. Sai ya ɓoye farashi a cikin fom, sabar kuma ta karɓi duk abin da aka miƙo mata babu tambaya. Ranar lissafi sai ga kujeru an saye su riyal ɗaya-ɗaya. Ni na sa hannu a kwangila, ni na cike giɓin. Yanzu a wurina burauza lambar kujera kawai take aikowa, farashi kuwa sabar ce ke ɗauko shi daga rumbun bayanai. Binciken burauza ina barinsa don kada mutum ya wahala, amma duk abin da ta duba sai sabar ta sake dubawa. Aiki biyu ne? Eh. Ku yi shi.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Wani Mu'azu ko Sa'adatu ya rubuta sunansa, shafi ya faɗi, saboda kun liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin SQL da ake aika wa rumbun bayanai, alamar nan (') ta tsakiyar sunan ta yanke shi. Maganin da kuke kawowa? Ku hana alamar gaba ɗaya. Haba samari! Mu'azu bai yi laifin komai ba, ya dai nuna muku ƙofar da ɓarawo zai bi. Ku ware umarni daban, bayanai daban, kamar yadda PDO, hanyar magana da rumbun bayanai, ke ba da dama a yaren PHP, sai kowane suna ya wuce lafiya. Haka masu cewa suna sai haruffan Turanci zalla: kun kori Ɗanlami, kun kori Ƙasimu, kun kori duk wanda zai rubuta sunansa da Larabci, a ƙasar Larabawa kuma. Ni tsawon suna kawai nake dubawa, sannan in tsabtace shi lokacin nuna shi a shafi.

Sauran ƙanana ne.

Lambar waya: kada ku ce dole ta fara da 05. Alhazanmu na zuwa da +234 da +227 da +249.

Mutane da yawa a nan da lambobin Larabci suke rubutu, ٠٥ maimakon 05. Alamar \d, mai gano lambobi a rubutu, ta JavaScript ba ta san su ba, ta Python 3 kuwa ta san su. Ni juya su nake yi a sabar kafin komai.

Iƙama (katin zaman baƙo a Saudiyya) da katin ɗan ƙasa duk lamba goma ne, iƙama da 2 take farawa, na ɗan ƙasa da 1. Ku ajiye su a matsayin rubutu, ba lissafi za ku yi da su ba.

Kwanan wata kuma ku bayyana na Hijira ne ko na Miladiyya kuke nema.

Akwai wanda sabar ma ba ta isa ta tare shi ita kaɗai ba: mutum biyu su danna kujera ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kowa a duba masa a ga babu kowa a kai, a sayar wa duka biyun. Wannan sai sharaɗin UNIQUE a rumbun bayanai, mai hana a shigar da abu ɗaya sau biyu. Idan kuma CHECK, sharaɗin da ke duba bayanai kafin a ajiye su, za ku dogara da shi a rumbun bayanai na MySQL, ku duba sigar da ke kan sabarku tukuna, don kafin 8.0.16 da ta fito a 2019 karɓar sharaɗin kawai take yi, ba ta aiki da shi.