Aya ɗaya ta ishe ka mako guda

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama gare ku. Kullum da safe ana turo mana hotunan furanni da ayoyi a waya, mu ce amin mu wuce, kafin la'asar mun manta. Ni dai na daina tarawa. Ranar Lahadi bayan sujada nakan zaɓi aya ɗaya tak, in rubuta ta da hannu, in manna a bayan ƙofar ɗaki, in yi ta maimaitawa har Asabar.

Amma don Allah a riƙa karanta abin da ke gabanta da bayanta. Filibiyawa 4:13 da muke so ɗin nan, mai cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, kuma a aya ta 12 zancen ƙoshi da yunwa yake yi. Ranar da na gane haka, sai ayar ta fi ratsa ni, musamman a ƙarshen wata da aljihu ya bushe. Haka ma Irmiya 29:11, inda Allah ya ce shirin alheri yake da shi dominku, waɗanda aka kai bauta Babila aka faɗa wa, bayan an gaya musu sai sun yi shekara 70 a can.

Mai farawa ya fara da Zabura 23, ayoyi shida ne kacal.